Ministan lardi a Kanada: Me ya sauke Steve Clark, kuma ta wace ƙofa ya dawo?

Ranar 4 ga Satumban 2023, Steve Clark ya ajiye muƙaminsa na ministan harkokin ƙananan hukumomi da gidaje na lardin Ontariyo a ƙasar Kanada, bayan makonni ana kiraye-kirayen ya sauka saboda rigimar cire wasu filaye da doka ta killace a kewayen birnin Toronto domin gina gidaje. Wata tara bayan nan, a Yunin 2024, sai ga sunansa ya sake fitowa a garambawul ɗin da Firimiya Doug Ford, shugaban gwamnatin lardin, ya yi, inda aka ba shi jagorancin harkokin gwamnati a majalisar lardin. A zaɓen Fabrairun 2025 kuma mutanen mazaɓarsa suka sake tura shi majalisa.

Wanda ya ji labarin daga nesa, tambayoyi biyu ne za su tsaya masa a rai. In dai babu wanda ya ce mutumin nan ya sa ko sisi a aljihunsa, me ya kai shi ga sauka? In kuwa laifin nasa ya kai a rasa kujera, yaya aka yi bai bar majalisa ba, har aka sake ba shi matsayi? Amsoshin biyu suna cikin yadda kujerar ministan lardi take, da kuma irin abin da ake tuhumar mai ita da shi.

Wane ne ministan lardi?

Kanada tarayya ce mai larduna 10 da yankuna 3 a can arewa. Kowane lardi yana da majalisarsa da gwamnatinsa, kuma tsarin majalisa irin na Birtaniya suke bi. Ba a kaɗa wa shugaban lardi ƙuri'a kai tsaye. Kowace mazaɓa ɗan majalisa ɗaya take zaɓa, kuma a Ontariyo kujerun 124 ne. Jagoran jam'iyyar da ta samu rinjaye shi ke zama firimiya, shi kuma ya tsamo ministocinsa daga cikin 'yan majalisar jam'iyyarsa, a rantsar da su a gaban laftanar-gwamna, wakilin sarkin Birtaniya, wanda shi ne kuma sarkin Kanada, a lardin.

Wanda ya saba da tsarin gwamna da kwamishinoni yana iya ɗauka duk abu ɗaya ne. Akwai bambanci babba. Ministan lardi kujera biyu gare shi, kuma waɗanda suka ba shi su daban-daban ne. Ta majalisa mutanen mazaɓa ne suka ba shi, su ne kuma za su karɓe ta ranar zaɓe. Ta minista kuwa firimiya ne ya ba shi, yana iya karɓe ta yau da yamma ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Rasa ɗaya ba ya nufin rasa ɗayar.

Kada kalmar lardi ta sa a raina girman abin. A ƙidayar 2021 mutanen Ontariyo sun haura miliyan 14, fiye da kashi ɗaya bisa uku na al'ummar ƙasar baki ɗaya. Dokar tsarin mulki ta 1867 ta bar wa larduna asibitoci da makarantu da harkar mallakar dukiya, sannan ta bar musu ƙananan hukumomi gaba ɗaya. Ma'ana, birni kamar Toronto, duk girmansa, ikonsa daga majalisar lardi yake fitowa. Wanda aka ba ma'aikatar ƙananan hukumomi da gidaje, an ba shi abin da ya taɓa rufin kan kowa.

A ƙarƙashin minista mutane iri biyu ne ke aiki. Akwai ma'aikatan gwamnati na dindindin, waɗanda shugabansu ake kira mataimakin minista, alhali ba ɗan siyasa ba ne, babban sakataren ma'aikata ne. Akwai kuma hadiman siyasa da ke zuwa da minista su tafi da shi, babbansu shi ne shugaban ma'aikatan ofishinsa. A riƙe wannan bambanci, domin a tsakanin waɗannan biyun ne igiyar ta tsinke.

Magajin gari ɗan shekara 22

Clark ba baƙo ba ne a harkar da aka damƙa masa. A 1982, yana ɗan shekara 22, aka zaɓe shi magajin garin Brockville, ƙaramin birni a bakin kogin St. Lawrence a gabashin lardin, kuma ya riƙe kujerar har 1991. A cikin waɗannan shekaru ya shugabanci ƙungiyar ƙananan hukumomin Ontariyo. Daga baya ya yi aiki da ɗan majalisar yankinsu, Bob Runciman, kuma da aka naɗa Runciman sanata a Ottawa, babban birnin ƙasar, Clark ya ci zaɓen cike gurbi a Maris 2010 a ƙarƙashin jam'iyyar Progressive Conservative ta masu ra'ayin riƙau.

Shekara takwas ya yi a ɓangaren adawa. Da jam'iyyarsa ta ci kujeru 76 a Yunin 2018, Ford ya ba shi ma'aikatar da kowa ya ga ta dace da shi. Na jaddada wannan tarihi ne domin daga baya za a ce bai san abin da ke gudana a ofishinsa ba, kuma mutumin da ya fara zama a teburin ƙaramar hukuma tun 1982 ya san abin da canza matsayin fili yake jawowa fiye da yawancin abokan aikinsa.

Alƙalamin da ke hannunsa

Tun watan farko aka ga ƙarfin kujerar. A bazarar 2018, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓen kansiloli a Toronto, Clark ya gabatar da dokar da ta rage mazaɓun birnin daga 47 zuwa 25. 'Yan takara sun riga sun buga fastoci, sun kashe kuɗi, sai aka wayi gari mazaɓun da suke nema babu su. Birnin ya kai ƙara, magana ta je har Kotun Ƙolin Kanada, wadda a Oktoban 2021 ta ba lardin gaskiya da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Hukuncin ya tabbatar da abin da aka daɗe ana faɗa, cewa birni ba shi da wani iko sai wanda lardi ya ara masa.

Akwai kuma wani umarni na musamman da dokar tsara birane ta ba ministan, wanda da shi yake iya ayyana abin da za a gina a wani fili ba tare da an bi ta majalisar kansiloli da zaman jin ra'ayin jama'a ba. Gwamnatocin baya jefi-jefi suke taɓa shi. A zamanin Clark an yi amfani da shi sau da dama ƙwarai, kuma hujjar gwamnati ita ce gaggawa: gidaje sun yi tsada, takardu suna cin shekaru. A 2022 matsakaicin kuɗin gida a Toronto da kewaye ya haura dalar Kanada miliyan 1, gwamnati kuma ta yi alƙawarin gina gidaje miliyan 1.5 cikin shekara 10. Matsalar gaskiya ce, babu mai musun ta. Matashin da ke aiki cikakke amma rabin albashinsa yana tafiya a haya ba ya bukatar a yi masa bayanin ta.

Amma a lura da abin da sa hannu ɗaya yake yi. Gona ce a bayan gari, doka ta ce noma kawai za a yi a cikinta, saboda haka kuɗinta kuɗin gona ne. Ranar da aka ce an yarda a gina gidaje a kanta, ƙasar ba ta canza ba, ko bulo ɗaya ba a aza ba, amma kuɗinta ya ninka sau da yawa. Wanda ya saye ta jiya da arha ya zama attajiri yau. Duk rigimar da ta ci kujerar Clark a nan take.

Koriyar ɗamara da eka 7,400

A 2005 gwamnatin Dalton McGuinty ta jam'iyyar Liberal ta killace kimanin eka miliyan 2 na gonaki da dazuzzuka da fadamu da maɓuɓɓugan ruwa da suka kewaye Toronto da biranen da ke maƙwabtaka da ita. Sunan wurin Greenbelt, wato koriyar ɗamara. Manufar ita ce a tsayar da birni daga cinye gonakin da ke ciyar da shi da ruwan da yake sha.

A lokacin yaƙin neman zaɓen 2018 wani faifan bidiyo ya fito inda Ford ke gaya wa masu gine-gine cewa zai buɗe musu wani babban yanki na wurin. Da jama'a suka yi ca, ya janye, ya yi alƙawarin ba zai taɓa shi ba. Clark da bakinsa ya maimaita alƙawarin a 2021. Sannan a Fabrairun 2022 kwamitin da gwamnatin kanta ta kafa kan tsadar gidaje ya ce ƙarancin fili ba shi ne tushen matsalar ba.

Duk da haka, ranar 4 ga Nuwamban 2022, watanni kaɗan bayan jam'iyyar ta sake cin zaɓe da kujeru 83, Clark ya sanar da cewa za a cire eka 7,400 a wurare 15 domin gina gidaje 50,000, a kuma ƙara eka 9,400 a wasu wuraren a madadinsu. Kafin shekara ta ƙare an zartar. 'Yan jarida suka shiga bin takardun filaye, suka gano cewa wasu daga cikin filayen ba a daɗe da sayen su ba. Shugabannin jam'iyyun adawa uku suka nemi babbar mai binciken kuɗi ta lardin ta duba, shugabar jam'iyyar adawa ta NDP, Marit Stiles, ta kuma kai ƙorafi gaban kwamishinan ɗa'a na majalisa.

Abin da rahotanni biyu suka gano

Waɗannan ofisoshi biyu ba a ƙarƙashin firimiya suke ba. Majalisa suke yi wa aiki, kuma ba sai da yardar minista suke wallafa abin da suka gano ba.

Rahoton babbar mai binciken kuɗi, Bonnie Lysyk, ya fito ranar 9 ga Agustan 2023. Ta gano cewa ba ƙwararrun ma'aikata ne suka zaɓi filayen ba. Shugaban ma'aikatan ofishin minista, Ryan Amato, shi ne ya kawo 14 daga cikin 15. A wata liyafar cin abincin dare ta ƙungiyar masu gine-gine a Satumban 2022, wasu manyan 'yan kasuwa biyu sun miƙa masa takardun filayen da suke so a cire, kuma kusan kashi 92 cikin 100 na ƙasar da aka cire daga baya tana da alaƙa da buƙatun mutum biyun nan. An haɗa ƙaramar tawagar ma'aikata, aka sa su rattaba hannu a kan alƙawarin riƙe sirri, aka ba su mako uku. Da wasu filayen suka kasa cika sharuɗɗan da aka gindaya, sharuɗɗan aka sassauta. Kimanin kashi 83 cikin 100 na abin da aka cire ƙasar noma ce mai daraja ta farko. An ƙiyasta cewa darajar filayen za ta iya ƙaruwa da dalar Kanada biliyan 8.3. Lysyk ta kuma ce ana iya cimma burin gidajen ba tare da an taɓa wurin ba. Amato ya yi murabus ranar 22 ga Agusta.

Ranar 30 ga watan, kwamishinan ɗa'a J. David Wake ya fitar da nasa. Bai ce Clark ya karɓi kuɗi ba. Abin da ya ce shi ne, Clark ya karɓi takardar umarnin firimiya da ta ce a tsara yadda za a riƙa sauya iyakokin wurin, ya bar aikin a hannun hadimin da bai daɗe a kujerar ba, ya janye jikinsa daga sa ido, sannan ya ɗauki jerin filayen ya kai majalisar zartarwa ba tare da ya tambayi yadda aka zaɓe su ba. Ta wannan sakaci, in ji rahoton, aka fifita buƙatun wasu 'yan kasuwa ta hanyar da ba ta dace ba, kuma hakan ya saɓa wa sassa biyu na dokar ɗa'ar 'yan majalisa. Ya ba da shawarar majalisa ta tsawata masa.

Laifin rashin tambaya

Nan ne mutane da yawa suke rikicewa, domin mun saba auna ɗan siyasa da tambaya ɗaya: ya ci ko bai ci ba? A tsarin majalisa akwai wata tambayar kafin wannan: wa zai amsa? Ƙa'idar ita ce duk abin da ma'aikata ta yi, minista ne zai tashi a zauren majalisa ya amsa shi. Ba a kiran hadimi, domin ba wanda ya zaɓe shi. Ba a kiran babban sakatare, domin umarni yake bi. Saboda haka “ban sani ba” ba ta wanke minista. Sau da yawa ma ita ce tuhumar.

A ganina Wake ya taɓa inda ciwon yake. Tambayar da ta kamata Clark ya yi ba ta buƙatar lauya ko masanin taswira. An ajiye maka jerin filaye 15 a tebur, a wurin da kai da firimiyarka kuka yi wa jama'a alƙawarin ba za ku taɓa ba. Wa ya kawo waɗannan? Me ya sa su, ba na kusa da su ba? Su wa suka mallake su, tun yaushe? Minti biyar sun isa. Masu kare shi suna cewa ya nesanta kansa ne domin kada a ce ya sa hannu a zaɓen filaye. Niyyar tana iya zama mai kyau, amma abin da ta haifar shi ne iko mai darajar biliyoyi ya koma hannun wanda ba ya amsa wa kowa. Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma mai ɗaki da ya bar ƙofa a buɗe yana da nasa kason.

Clark bai sauka nan take ba. Washegarin rahoton ya fito ya nemi afuwa, ya ce zai ci gaba da aiki, Ford kuma ya ce yana tare da shi. Babu dokar da ta tilasta masa sauka. Abin da ya tilasta masa shi ne 'yan majalisar jam'iyyarsa suna gida hutun bazara suna shan tambayoyi daga masu zaɓensu, kuma kowace rana ya ƙara a kujerar, zafin yana ƙara matsowa kusa da firimiya. A takardar murabus ɗinsa ya ce zamansa zai ɗauke hankali daga aikin gidaje, kuma dole ya ɗauki alhakin abin da ya faru.

Yadda ɓangarori suke kallon abin

Gwamnati ta tsaya a kan cewa manufar daidai ce, hanyar ce ta ɓaci. Ford ya karɓi shawarwari 14 daga cikin 15 na Lysyk, ya ƙi ɗaya, wadda ita ce ta sake duba cire filayen. Ya yi makonni a kan wannan matsayi. Ranar 20 ga Satumba wani ministan, Kaleed Rasheed, shi ma ya sauka saboda bayanan da ya ba kwamishinan ɗa'a, waɗanda suka saɓa wa juna, kan wata tafiya da ya yi zuwa birnin Las Vegas na Amurka, inda ya haɗu da ɗaya daga cikin masu filayen. Washegari Ford ya fito ya ce ya karya alƙawari, ya ba da haƙuri, ya ce za a mayar da filayen duka.

'Yan adawa kuwa suna ganin an sadaukar da hadimi da minista ne domin a kare na sama, tunda umarnin farko daga ofishin firimiya ya fito. Ford ya ce bai san yadda aka zaɓi filayen ba. A Oktoban 2023 rundunar 'yan sandan tarayya ta RCMP ta sanar da buɗe binciken laifi a kan lamarin, wanda aiki ne daban da na rahotannin biyu: su sun duba bin ƙa'ida da ɗa'a, 'yan sanda kuma suna duba ko an karya dokar laifuka.

Ta wace ƙofa ya dawo?

Bai fita ba balle ya dawo. Kujerar minista ya ajiye, ta majalisa tana hannunsa, domin ba Ford ne ya ba shi ita ba. Ya koma sahun 'yan majalisa marasa ma'aikata, Paul Calandra ya karɓi harkar gidaje. Matsayin da aka ba shi a 2024 ba ma'aikata ba ce mai filaye da kasafi. Aikinsa shi ne tsara abin da majalisa za ta tattauna, da yaushe, da tsawon lokacin da za a ba kowace doka, da sasantawa da 'yan adawa. Aiki ne da ake ba wanda ya san lungu da saƙon zauren, kuma wanda firimiya ya amince da shi.

'Yan adawa sun ce wata tara bai isa horo ba. Ni ma ina ganin an yi gaggawa, musamman da yake binciken 'yan sanda bai daɗe da farawa ba a lokacin. Sai dai tsarin ya bar hukunci na ƙarshe ga mazaɓa, kuma mutanen Brockville da ƙauyukan da ke kewaye da ita, waɗanda suka san shi fiye da shekara 40 kuma suke nesa da filayen da ake rigima a kansu, sun sake zaɓensa a 2025, a zaɓen da jam'iyyarsa ta ci rinjaye karo na uku a jere.

Me mai haya da manomi suka samu?

Mai jiran gida bai samu komai daga eka 7,400 ba. Shekara guda ta ma'aikatar da ya kamata ta yi ta fama da tsadar haya ta tafi a kan cirewa da bincike da mayarwa, kuma gidajen 50,000 ba a kan waɗannan filaye za a gina su ba. Ko da an gina su, gidaje ne a bayan gari inda sai an ja bututun ruwa da magudana da hanyoyi, kuɗin da wani kasonsa yakan faɗo kan ƙananan hukumomi da masu biyan harajin gida.

Manomin da ke kusa da wurin ya ga yadda jita-jitar buɗe fili kaɗai take ɗaga kuɗin gona har ta fi ƙarfin ɗansa da ke son ci gaba da noma. A Disamban 2023 majalisa ta zartar da dokar da ta mayar da filayen 15 cikin koriyar ɗamara, ta bar eka 9,400 da aka ƙara a inda suke, ta kuma toshe wa masu filayen hanyar neman diyya a kotu. Dokar ta ɗauke iyakokin wurin daga hannun majalisar zartarwa: duk wanda ke son ya matsar da su nan gaba, sai ya kawo ƙudiri zauren majalisa, a karanta shi a fili, a yi muhawara, a kaɗa ƙuri'a a kansa.